Sunanka, Garinka, Hotonka: Yadda Matasan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Ke Nuna Kansu a Intanet

Buɗe Facebook a wayarka ka rubuta "Kankara" a wurin neman mutane. Za ka ga jerin sunaye, kowanne da sunan garin maƙale a ƙarshensa: ɗalibai, malaman makaranta, masu gyaran waya, 'yan siyasa da yaransu. Gwada "Faskari" ko "Sabuwa", haka za ka gani. To, yanzu koma Google ka rubuta kalmar nan ɗaya. Abin da zai cika maka fuskar waya shi ne labarin daren Juma'a, 11 ga Disambar 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai daji.

Matashin da ya fito daga wannan yanki yana rayuwa ne tsakanin waɗannan sakamako guda biyu. Ɗaya shi ya rubuta da hannunsa, ɗayan kuwa wasu ne suka rubuta masa. Masu karatun aikin jarida da sadarwa a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya suna da darasi sukutum a kan yadda mutum ke gabatar da kansa a intanet, amma yawancin misalan da ke cikin littattafan daga Amurka da Ingila aka ɗebo su, inda babbar damuwar matashi ita ce kada mai ɗaukar ma'aikata ya ga hoton da bai dace ba. A kudancin Katsina lissafin ya wuce nan. Hoton da ka ɗora yana iya jawo maka aiki ko mata, yana kuma iya jawo maka baƙin da ba ka gayyata ba cikin dare.

Sunan gari a jikin suna

Bahaushe ya daɗe yana ɗaura sunan garinsa a jikin nasa. Malam Aminu Kano, Shehu Shagari, Aminu Bello Masari, Dikko Umaru Raɗɗa, duk sunan gari ne a ƙarshe. Da Facebook ya zo yana tambayar "sunan mahaifi ko na dangi", matasa da yawa sai suka cike gurbin da abin da suka saba rubutawa a bangon littafin makaranta. Wannan ya sa asusun Bahaushe ya bambanta da na Bature tun daga layin farko: kafin ka ce uffan, sunanka ya riga ya faɗi inda za a same ka.

Akwai alfahari a ciki, kuma akwai amfani. Ɗan Faskari da ke aikin gini a Abuja ko sayar da kayan gwari a Legas yana gane ɗan garinsu da sunan, kuma ta haka ake samun masauki, ake aika saƙo gida, ake haɗa kuɗin taimako idan wani abu ya faru. Amma sunan gari ba naka ba ne kai kaɗai. Mutumin da ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara, duniya ta san shi ne da Auwalun Daudawa. Daudawa kuwa gari ne a ƙaramar hukumar Faskari, garin manoma da aka sani da auduga tun zamanin Turawa. Daga wannan lokaci, duk wanda ke ɗauke da "Daudawa" a sunansa ya samu maƙwabcin da bai zaɓa ba a shafin bincike. Suna linzami ne, in ji masu iya magana, sai dai a intanet ba kullum ne linzamin ke hannun mai sunan ba.

Ka lura kuma da yadda duniya ta fara ganin fuskokin yaran. A ranar 17 ga Disamba aka saki wani bidiyo mai ɗauke da tambarin Boko Haram, yara cikin ƙura a ƙarƙashin itatuwa, ɗaya daga cikinsu yana faɗin abin da aka sa shi faɗi. A daren ranar ne gwamnatin jiha ta sanar da kuɓutar ɗalibai 344. Waɗannan yara yanzu samari ne, wasu suna manyan makarantu, suna da asusun TikTok da Facebook kamar kowa. Hoton da aka ɗauke su a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsu yana nan a rumbun kafafen yaɗa labarai, ba su da ikon goge shi. Duk wani hoton sallah ko na kammala karatu da ɗayansu zai ɗora, to yana ƙoƙarin ɗora sabon shafi ne a kan wancan.

Don haka idan na ga matashi ya rubuta "Ɗan Ƙanƙara ne ni" da manyan baƙaƙe a bayanin asusunsa, ko yana ɗaukar bidiyon gonar masara da damina, ko ranar kasuwar Sheme, ba na ɗaukarsa a matsayin mai neman suna kawai. Gardama yake yi da Google, ko da shi kansa bai kira ta da wannan suna ba.

Zaure da tsakar gida

Sunan da ɗalibin wannan fanni zai fara cin karo da shi shi ne Erving Goffman, masanin zamantakewa haifaffen Kanada, wanda littafinsa The Presentation of Self in Everyday Life ya fara fitowa a 1956. Goffman ya zauna a wani ƙaramin tsibiri a arewacin Sikotland, ya lura da ma'aikatan wani otal: yadda suke magana da tafiya a gaban baƙi daban, yadda suke idan sun koma madafa daban. Daga nan ya ce rayuwar jama'a kamar wasan kwaikwayo take, akwai gaban dandali, akwai bayan labule.

Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Sikotland don ya fahimci wannan, domin ya gina shi da laka. Akwai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi da babbar riga. Akwai tsakar gida, inda yake zama da 'yar shara, inda aka rubuta "ba shiga" a ƙofa. Ba munafunci ba ne, tsari ne, kuma kunya da mutunci a kansa suka tsaya. Har suna ma yana da zaure da ɗaka: akwai sunan yanka, akwai laƙabin da abokai ke kiranka da shi a majalisa, akwai alkunyar da uwa ke yi wa ɗan fari. Kowane suna da masu kiransa.

Abin da wayar hannu ta yi shi ne rushe katangar da ke tsakani. Masu bincike biyu 'yan Amurka, Alice Marwick da danah boyd, sun yi rubutu a kan haka wajen 2010, suna nazarin masu amfani da Twitter: mutanen da a zahiri kake ganawa da su a wurare daban-daban, a intanet duk sun taru a ɗaki ɗaya suna kallonka lokaci guda. Barkwancin da ka rubuta don abokan ajinku, kawunka na karantawa, limamin unguwarku na karantawa, mahaifin yarinyar da kake nema ma an nuna masa. Abin dariya, mu da kanmu muke kiran rukunin WhatsApp "zaure", alhali zaure ne marar ƙyaure, duk abin da aka faɗa a ciki sikirinshot ɗaya ne tsakaninsa da kasuwa.

Misalin da kowa ya sani shi ne na jaruma Rahama Sadau a Nuwamban 2020. Ta ɗora hotuna da wata shiga, wani daga cikin masu kallo ya rubuta tsokacin ɓatanci a ƙarƙashi, cikin sa'o'i maganar ta tashi daga batun kwalliya ta koma batun addini, har sai da ta goge hotunan ta fito ta ba da haƙuri. Masu kallon da ta yi niyya daban, waɗanda suka yanke hukunci daban. A watan Nuwamban 2022 kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda jimla ɗaya da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, watanni bayan ya rubuta ta. Magana zarar bunu ce tun asali, intanet kuwa ya ƙara mata rumbun ajiya.

Mai abu yana ɓoyewa, ɓarawo yana nunawa

A nan ne yankin Ƙaraduwa ke da abin da zai koya wa littattafan. Ka'idar da aka saba ji ita ce mutane suna ƙara wa kansu gishiri a intanet: a tsaya jikin motar wani a ɗauki hoto, a ari agogo, a sa "Kwamared" ko "Ambasada" a gaban suna ba tare da an san wace ƙasa ake wakilta ba. Ana yin wannan a Faskari kamar yadda ake yi a ko'ina. Amma akwai kishiyarsa, kuma ita ce ta fi jan hankali.

Faskari ta yi iyaka da Zamfara, Sabuwa ta jingina da Birnin Gwari ta jihar Kaduna, Ƙanƙara kuma dajin yamma na bayanta. A irin wannan wuri kalmar "infoma" ba ta fim ba ce. Masu garkuwa da mutane ba sa shiga gari da ka, sai an faɗa musu wane ne ya sayar da amfanin gona, wane ne ɗansa ke aiki a Abuja, wane ne ya zo hutu. Saboda haka mai hankali ya koyi rage wa kansa tsawo. Wanda ya sayi sabon babur ba ya ɗorawa. Ma'aikacin da zai je gida ganin iyaye ba ya rubuta "a kan hanyar Ƙanƙara, a sa mu a addu'a", sai ya koma bakin aikinsa lafiya sannan hotunan su fito. Mai shirya biki yana tura katin gayyata ga mutum ɗaya-ɗaya maimakon ya sa a sitatus da rana da wuri.

A ɗaya gefen kuma, a 2024 kafafen yaɗa labaran Najeriya sun yi ta ba da rahoton 'yan bindigar da ke fitowa a TikTok fuska a buɗe, da bindiga a kafaɗa da bandir-bandir na kuɗi a gabansu, wasu har da shirin kai tsaye da rabon kyauta ga mabiya. Wato wanda ya samu da gumi yana ɓoyewa, wanda ya ƙwata yana baje-koli. Shi ma gabatar da kai yake yi, da manufa: ya tsoratar, ya burge yaran da ba su da aikin yi, ya nuna cewa ba a iya taɓa shi. Kuma manhajar ba ta san halal da haram ba, abin da ta sani shi ne bidiyon da mutane suka tsaya suka kalla har ƙarshe. Duk wanda ya danna alamar so ko ya tura lambar asusunsa a irin wannan shiri don a ba shi kyauta, ya sani cewa ya miƙa cikakken sunansa ga mutumin da sana'arsa ita ce neman wanda zai kama.

Wayar da ke faɗin abin da ba ka faɗa ba

Da yawa suna ganin sun tsira tunda sun buɗe asusu da sunan "Ɗan Autan Mama" da hoton zaki. A 1993 mujallar The New Yorker ta buga wani zanen barkwanci na kare zaune a gaban kwamfuta, ma'anarsa ita ce a intanet ba wanda ya san ko kai wane ne. Wancan zamanin ya wuce, a Najeriya ma ya fi wucewa.

A tsakiyar Disambar 2020, cikin makon da yaran Ƙanƙara ke daji, gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. An yi ta ɗage wa'adin har zuwa Satumbar 2024, amma yau layinka yana ɗaure da sunanka na gaskiya, da hotonka, da zanen yatsunka. Wannan tsakaninka da hukuma ne. Wanda ya fi kusa da kai shi ne OPay da PalmPay, inda lambar asusun yawancin mutane ita ce lambar wayarsu ba tare da sifilin farko ba. Duk wanda ke da lambarka, ya shiga manhajar banki kamar zai tura maka kuɗi, cikakken sunanka zai fito masa kafin ya kashe ko sisi. Truecaller kuma yana nuna sunan da wasu suka ajiye ka da shi a wayoyinsu. Kai ka kira kanka "Yarima" a Instagram, Truecaller ya ce "Wane mai POS bakin tasha". Ga suna, ga sana'a, ga adireshi.

Hoto ma yana da baki. Idan ka bar kyamarar wayarka tana ajiye wuri, kowane hoto yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF: samfurin waya, ranar ɗauka, da daidai inda ka tsaya bisa GPS. Facebook da Instagram suna cire waɗannan daga hoton da jama'a ke gani, WhatsApp ma yana cirewa idan ka tura a matsayin hoto. Amma idan ka tura a matsayin fayil don kada hasken ya ragu, yadda masu ɗaukar hoton biki ke yi, to da komai nasa yake tafiya. Shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri, aikin daƙiƙa goma ne. Sauran kuma ido ne: lambar mota a bayanka, allon makaranta, hasumiyar masallacin da duk ɗan garin ya sani.

TikTok da Facebook suna gabatar da asusunka ga mutanen da ke da lambarka. Shi ya sa yarinyar da ta buɗe asusu a ɓoye take wayar gari yayanta ya gan ta a jerin waɗanda aka ce "ƙila ka sani". A sashen sirri na TikTok akwai wurin kashe wannan. A WhatsApp kana iya zaɓar wanda zai ga hoton fuskarka da sitatus, har ka ware wasu mutane da sunansu, kuma ka sa lambobin sirri shida na tabbatarwa mataki biyu, domin satar asusun WhatsApp a riƙa roƙon kuɗi da sunan mai shi ta zama ruwan dare. Yin sojan gona da sunan wani laifi ne a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, sai dai kafin doka ta iso, 'yan uwanka sun riga sun tura kuɗin.

Watannin da aka ɗauke kowa

A Satumbar 2021 aka katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, cikinsu har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da maƙwabtansu irin su Funtuwa, Ɗandume, Bakori da Malumfashi. Manufar gwamnatin Masari ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. An kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan. A daidai lokacin kuma Twitter na rufe a duk faɗin ƙasar, tun daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022.

Ga mai nazarin sadarwa, waɗannan watanni gwaji ne da ba a saba samu ba. Asusun mutane suna nan, hotunansu suna nan, amma su babu su. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp ta rasa kasuwarta, ɗalibi ya koma hawa mota zuwa garin da ke da sabis don ya duba saƙo, 'yan uwa da ke nesa ba su san ko an kwana lafiya ba. Labarin yankin kuwa bai tsaya ba, wasu ne suka ci gaba da ba da shi daga Katsina da Kaduna da Abuja. Ashe ikon gabatar da kai ba a hannun mai waya kaɗai yake ba, yana rataye ne a jikin ƙarfen sabis da wani zai iya kashewa da takarda ɗaya.

'Yan mata da hoton fure

Duba asusun 'yan matan yankin, za ka ga fure, ko hannu da lalle, ko jaririn yayarta, ko jarumar fim ɗin Indiya a madadin fuska. Ɗalibin da ya haddace littafi zai yi saurin rubuta "danniya". Wani lokacin haka ne, wani lokacin kuma lissafi ne. Hoton fuska ana iya ɗaukarsa a buɗe asusun bogi da shi, ana iya haɗa shi da wani jikin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, sannan a zo ana barazanar watsawa idan ba a biya ba. A garin da kowa ya san kowa, zargi kaɗai ya isa ya rusa maganar aure. Wadda ta sa fure tana iya zama ita ce ke da mabiya dubbai a harkar turaren wuta ko dubulan. Ta zaɓi a san kayanta, kada a san ta, kuma hakan ma gabatar da kai ne.

Idan wannan ne aikin bincikenka

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tattara asusu hamsin ka ƙirga masu hoton fuska, masu sunan gari, masu laƙabi. Za ka samu jadawali mai kyau, amma rabin labarin zai wuce ka, domin a Sabuwa ko Faskari abin da ba a ɗora ba ya fi abin da aka ɗora ma'ana, kuma ba a ƙirga shi daga nesa. Sai ka zauna da mutum ka tambaye shi: wane hoto ka ɗauka ka fasa ɗorawa, kuma don wa ka fasa? Yaushe ka cire sunan garinku daga sunanka, ko yaushe ka mayar? Asusu nawa gare ka, kuma wanne mahaifinka ya sani?

Sannan ka tuna kai ma mai kallo ne da ba a gayyata ba. Kasancewar rubutu a buɗe ba ya nufin mai shi ya yarda ya shiga kundin digirinka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki suna da hoto da lambar waya a matsayin bayanan mutum, kuma kundin ɗalibai yanzu a intanet ake ajiye su. Nemi izini, sauya sunaye, rufe fuskoki. Kada ka kwafe jimlar mutum kalma da kalma, domin duk wanda ya liƙa ta a wurin bincike zai iya kaiwa ga asusunsa. Idan ƙauyen ƙarami ne, ko sunansa kada ka ambata, rubuta ƙaramar hukumar ya wadatar. Muryoyin da ka naɗa kuma ka kwashe su daga waya ka adana a wuri mai kalmar sirri kafin ka hau motar Funtuwa.